Hutu a Damagaram: Wuraren Gani da Abubuwan Yi ga Mai Zuwa Gida

Jama'a masu saurarenmu na karkara, da ƴan uwa mazauna Kano, Legas, Abijan, Tarabulus, Makka da ƙasashen Turai, duk lokacin da Sallah ko hutun makaranta ya gabato tambaya ɗaya ce ke yawan fitowa daga bakin masu shirin zuwa gida: in mun zo da yara, ina za mu kai su? Yaran yanzu sun saba ganin hotunan tsibirai irin su Zanzibar a cikin salula, ga ruwa shuɗi ga itatuwan kwakwa, har wasunsu na zaton hutu sai a bakin teku. To, tsakanin Damagaram da teku akwai wajen kilomita 1,000. Abin da Allah ya ba mu a nan shi ne tsohon birni mai fada da tarihi, da kasuwanni, da tafkuna masu lambuna da dabino a tsakiyar rairayi. Mai sati guda a hannu zai iya ganin mafi yawansu in ya tsara tafiyarsa.

Akwai kuma dalilin da ya sa bai kamata a yi ta ɗaga ziyarar ba. A farkon watan Satumban 2024 ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun tsakiyar ƙarni na 19. Yawancin abubuwan tarihin garin nan ginin ƙasa ne, kuma kowace damina tana cin rabonta. Abin da yaro bai gani bana ba, wataƙila baɗi sai dai a ba shi labari.

Taƙaitaccen tarihi kafin a fita

Asalin sarautar Damagaram yana komawa ga Malam Yunus, wanda ya fito daga wajen Barno ya zauna a yankin Damagaram Takaya cikin shekarun 1730. A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaiman ya maido da gadon sarauta Zinder. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Barno, tana aika gaisuwa ga Shehu. Sarkin da ya fi suna shi ne Tanimun, wanda ya yi doguwar sarauta daga 1851 zuwa 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwa, ya sa maƙera suka riƙa ƙera igwa a cikin gari, ya faɗaɗa ƙasa, ya kuma ja ayarin fatake daga Tarabulus da Gat ta hanyar Agadas. Fatu da gashin jimina na cikin kayan da ake fitarwa, haka ma bayi, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da ya kamata a gaya wa yara yadda yake.

A watan Mayun 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, aka kashe wani hafsan sojan Faransa mai suna Kazamaju a Zinder. A ƙarshen watan Yulin 1899 rundunar Faransawa, wadda ta riga ta yi faɗa da Sarauniya a Lugu, ta gwabza da dakarun Damagaram a Tirmini, ta shiga birni. An kashe Kuran Daga a watan Satumban shekarar. Daga 1911 Zinder ce hedkwatar mulkin Nasara a Nijar, har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Wanda ke son zurfafawa ya nemi littafin tarihin Damagaram na marigayi Andire Salifu, ɗan garin nan, wanda jami'ar Zinder ke ɗauke da sunansa.

Fadar Sarki da unguwar Birni

Daga fada ya kamata a fara. An gina ta wajen 1850, kuma har yau a nan Mai Martaba Sarkin Damagaram yake zaune, a nan ake fadanci da sulhunta jama'a. A ƙofa za ka tarar da dogarai cikin jajayen riguna masu ratsin kore. Ka yi sallama, ka faɗi abin da ya kawo ka, za a haɗa ka da wanda zai zagaya da kai inda aka yarda baƙo ya shiga. A cire takalmi inda aka ce a cire, mata su yi lulluɓi, kada a ɗaga salula don hoto sai an tambaya. Ɗan abin goro ga wanda ya raka ka al'ada ce, ba sai an roƙa ba.

Daga nan sai a shiga lungunan Birni a ƙafa, da sanyin safiya ko bayan la'asar. A nuna wa yara yadda magina suka yi aikinsu: tubali da aka mulmula da hannu, azara ta giginya a rufin soro, zankwaye a kusurwoyin gida, indararo mai zubar da ruwan sama nesa da bango. A fuskar gidajen attajirai da masu sarauta akwai zane da aka fitar a jikin yaɓe, wani an shafa masa launi, wani an bar shi da kalar ƙasa. Tsakanin gidajen kuma ga manyan duwatsu a tsaye, waɗanda su ne alamar garin. A wasu wurare ana iya ganin ragowar ganuwa, tudun ƙasa da ruwa ya lashe. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta sa Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, matsayin da tsohon garin Agadas ya samu a 2013.

A cikin Birni ne kuma gidan da Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa suka sani da Abdulkarim, ya sauka daga ƙarshen Disamban 1852 zuwa ƙarshen Janairun 1853, kafin ya kama hanyar Katsina da Sakkwato zuwa Tumbutu. Matambayi ba ya ɓata, dattawan unguwa za su nuna maka wurin.

A kan dutsen da ke kallon Birni akwai sansanin da Faransawa suka gina bayan sun ci garin, suka sa masa sunan Kazamaju, daga baya aka mayar da shi sunan Tanimun. Bariki ne na soja. A hange shi daga nesa, kada a ɗauki hotonsa, kada kuma a bar yara su hau duwatsun da ke kusa da shi.

Zango, kasuwa da masu sana'a

Zango, a arewa da Birni, ita ce unguwar da ayarin raƙuma ke sauka a da. Buzaye da Larabawa da fataken Hausa a nan suke sauke kaya, shi ya sa tsofaffin gidajen ƴan kasuwa suka yi yawa a cikinta, wasu da bene. Tsakanin Zango da Birni kuma Sabon Gari ne, inda Nasara suka kafa ofisoshinsu. Akwai gidan ajiye kayan tarihi na jiha, wanda ya dace da yara ƴan makaranta.

Babbar ranar kasuwa a Zinder Alhamis ce. Ranar ce mutanen ƙauyuka ke shigowa da amalanke da jakuna, Fulani da Buzaye su kawo dabbobi. A Kasuwar Dole ana samun kusan komai, daga atamfa zuwa kanwa. Wanda ya zo da yaran da ba su taɓa ganin cinikin raƙumi ba, ya kai su kasuwar dabbobi da hantsi, su ga yadda dillali ke shiga tsakani har a kai ga "Allah ya sa albarka".

Damagaram ta yi suna a aikin fata. Majema na jeme fatar akuya da bagaruwa, dukawa su rina ta ja ko baƙi ko rawaya, su ɗinka jaka, takalmi, matashin zama, kube da kayan doki. Zuwa majema sai da haƙurin wari, amma yaro zai ga yadda fatar ragon layya ke zama takalmin da yake sawa. Sayen tsaraba a hannun mai yin ta ya fi sauƙi, kuma kuɗin yana shiga gidansa kai tsaye.

Wajen ciniki a tuna cewa a nan da dala ake ƙirga sefa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In mai kaya ta ce dala ashirin, sefa 100 ke nan. Dala ɗari sefa 500, jika guda kuma sefa 1,000. Ƴan uwa masu zuwa daga Najeriya da yaran da suka tashi a waje sukan rikice a nan, gara a koya musu tun a gida.

Abinci kuwa, kada a bar garin ba a ci alkakin Damagaram ba, shi ne tsarabar da ake jira a Yamai da Kano. Ga kilishi, ga balangu da dare, ga fura da nono da rana, ga dambun zogale. Mai baƙon ciki, wato wanda ya daɗe bai sha ruwan gida ba, ya fara a hankali.

Sallah, hawan ƙaho, wasan kara da kokowa

Wanda ya samu dama ya daidaita zuwansa da Sallah, ƙarama ko babba. Sarki na fita Idi da hakimai da dogarai bisa dawakai masu ado, ana busa kakaki da algaita, ana kaɗa tambura, a komo ƙofar fada a yi gaisuwa. A wannan fada ce marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ya yi zamaninsa na waƙa, kuma har yau tsofaffi na tuna shi in taushi ya tashi. A lokutan biki mahauta kan yi hawan ƙaho: a ɗaure bijimi da igiya, saurayi ya tunkare shi ya rungume ƙahonin. Wasa ne mai haɗari, a riƙe hannun yara a tsaya baya.

Wasan kara na samari ne. Sukan ƙera bindigogi, tabarau, mota da na'urar ɗaukar hoto da karan gero, wannan ya zama shugaban ƙasa, wancan gwamna, wani kwamandan soja, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, jama'a na dariya, manyan ma na kallo. Kokowa kuma lokacinta bayan girbi. Filin kokowar Zinder yana ɗauke da sunan Langa-Langa, shahararren ɗan kokowar jihar, kuma gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a 1975, tana zagayawa jiha-jiha. A ƙauyuka ma ana yin ta a dandali da kaka, ba tikiti ba kujera.

Mirya, Gidimuni da Lasuri: inda ruwa yake

Mai neman inuwa da ruwa ya kama hanyar gabas, wadda ta nufi Gure da Difa. Kilomita 18 daga Zinder sai Mirya, tsohon gari mai sarautarsa, mai kukoki da lambuna. Kasuwarta ranar Lahadi take ci, kuma an san ta da tukwane da tuluna na ƙasa. Tafiyar safiya ce, a komo kafin azahar.

Gaba da Mirya, tafiyar sa'a ɗaya da wani abu daga Zinder a mota, akwai Gidimuni. Bayan ka wuce gonakin gero da tuddan rairayi, sai ka gangara ka tarar da tafki, kewaye da dabino da rake da rogo da albasa, kamar tsibirin ganye a tsakiyar fako. Ruwan ƙasa a kusa yake a kwarin, shi ya sa ake noman rani. Masunta na kama tarwaɗa da karfasa. A 2019 aka sa tafkin Gidimuni cikin jerin wuraren dausayi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Tafkin Lasuri, a wajen Damagaram Takaya, ya riga shi shiga tun 2005.

Abin kallo a waɗannan tafkuna tsuntsaye ne. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, tsuntsayen da suka gudo wa ƙanƙarar Turai sukan ƙetare hamada su sauka a nan, su haɗu da na gida irin su belbela, zalɓe, dinya da kirinjijiya. Shamuwa kuwa sai gab da damina. A je da asuba ko da yamma, a zauna shiru a gefe. Abin yi kuma shi ne a shiga lambu da izinin mai shi, a sayi rake a sha a inuwa, a sa a gasa kifi.

Gargaɗi biyu a nan, kuma ba na wasa ba ne. Kada yara su yi wanka a tafki: ruwan kwance na ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini, sannan ƙasan tafki laka ce mai riƙe ƙafa, wanda bai iya iyo ba yana iya nutsewa a inda ake ganin ba zurfi. Na biyu, inda ruwa yake sauro na nan. A kwana cikin gidan sauro. Yaran da aka haifa a Turai ko Saudiyya jikinsu bai saba da zazzaɓin cizon sauro ba, yana iya kayar da su da sauri. A ga likita a karɓi maganin rigakafi tun kafin a taso, kuma in jikin yaro ya yi zafi a kai shi a auna jini a ranar, ko da bayan an koma ne.

Kudu: Matamai, Kance da Magarya

Masu shigowa daga Kano da Daura ta nan suke bi, sau da yawa ba su tsayawa. Yankin Korama ne, ƙasar rake da lambuna. A lura da itatuwan gawo da suka cika gonaki a Magarya, Matamai da Mirya. Yawancinsu ba dasa su aka yi ba, manoma ne suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, har masana daga ƙasashen waje ke zuwa kallo. Gawo na zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ga taki ga abincin dabbobi da rani. Ana ba da labarin cewa Sarki Tanimun ya kafa doka mai tsanani a kan saran gawo.

A Kance akwai fadar sarkin garin. Kusa da nan ne ƙauyen Dambanas, mahaifar Dorugu, yaron da aka kama bawa aka kai Barno, aka ƴanta shi, ya bi Barth har Ingila a 1855. A can ya ba da labarin rayuwarsa da Hausa, wani malamin mishan mai suna Schön ya rubuta, aka buga cikin littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Yaran da ke zaune a Landan ko Hambug za su so jin cewa wani ɗan ƙasarsu ya taka waɗannan garuruwa fiye da shekara 160 da suka wuce, kuma bai yar da harshensa ba.

Tirmini da arewa

Tirmini na bisa hanyar Maradi, yamma da Zinder, ba nisa. Masu zuwa daga Yamai ta cikinta suke wucewa, tsayawar minti goma ta isa a nuna wa yara inda aka yi yaƙin 1899. A hanyar Tanut kuma, wajen kilomita 50 arewa da gari, ana hango matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe a Nuwamban 2011. Can arewa maso gabas akwai gandun dajin Termit da Tin Tumma, wanda aka kafa a 2012, inda ragowar farar barewar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho, wadda ake kira adaks, ke rayuwa. Wannan ba tafiyar iyali ba ce. Sai da izinin hukuma, da mota mai ƙarfi, da jagora, da rakiya.

Lokacin zuwa da shirin hanya

Lokaci mafi daɗi daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu: an yi girbi, abinci ya wadata, rana ba ta da zafi, sai dai hazo da ƙurar hunturu, mai asma ya zo da maganinsa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, yawo sai da safe da yamma. Babban hutun makaranta yana faɗawa cikin damina, Yuli zuwa Satumba. Ƙasa ta yi kore, amma hanyoyin ƙauye na yankewa, sauro ya yi yawa, kuma kada a fake a gindin tsohon bango in ana ruwa.

Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, tafiyar yini guda cur a bas. Daga Kano wajen kilomita 240, ta Daura da Matamai ko ta Magarya. A tambayi halin iyaka da na hanya a wurin ƴan uwa da direbobin tasha kwana ɗaya ko biyu kafin a taso, a guji tafiyar dare. Kowa ya riƙe katin shaida ko fasfo, da katin rigakafin shawara, da takardun haihuwar yara, don akwai shingayen jandarma da na duwan. Mai fasfo na wata ƙasa ya nemi bayanin biza da ƙa'idar fita wajen gari a ofishin jakadancin Nijar tun yana can. A cikin gari kabu-kabu da adaidaita sun wadata, a yi ciniki kafin a hau.

Zinder bisa dutse take zaune, ruwan famfonta daga nesa ake jawo shi, daga wurare irin su Gogo da Arunguza, kuma da bazara yakan yi ƙaranci. Baƙo ya yi tattalin ruwa a gidan da ya sauka, in da hali ya sa hannu a kuɗin ƴan garuwa.

Ga wanda ke da kwana bakwai, ga tsari mai sauƙi: kwana biyu na farko na gaishe-gaishe da ziyarar dangi, don zumunci a ƙafa yake. Rana guda ta fada da Birni. Alhamis ta kasuwa da Zango da majema. Juma'a a yi salla a babban masallacin da ke fuskantar fada. Asabar a tafi Gidimuni da sassafe, Lahadi a ci kasuwar Mirya.

Ku kuma mutanen karkara da baƙi za su sauka a wurinku, ku ne jagororin. Ku kai yaran gona da rijiya, ku nuna musu kushewar kakanni, ku sa tsofaffi su ba su labari da Hausa ko da suna amsawa da wani harshe. Ƴan uwa na waje masu tsohon gidan gado a Birni ko Zango, kuɗin yaɓe da gyaran indararo kafin ruwan farko bai kai kuɗin tada bangon da ya faɗi ba, a aiko da shi tun watan Afrilu ko Mayu. Allah ya kawo ku lafiya, ya maishe ku lafiya.